Marka da Giya Marar Uwa

Tun ƙasar nan tana daji, tun kiran salla bai iso kunnen kakanninmu ba, aka yi wata mace a Dutsen Maraki ana ce mata Marka. Mutanen Dutsen Maraki Maguzawa ne, manoman dawa, masu yanka wa duwatsu da itatuwa. Marka ce mai dafa musu giya. Giya haram ce, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma duk wanda ya ji labarin nan ya ce an ba shi izinin sha, kansa ya yi wa ƙarya. Amma mutanen nan sani bai zo musu ba tukuna, kuma a wurinsu giya ba kayan shashanci ba ce. Da ita ake roƙon ruwa, da ita ake sallamar mamaci, da ita ake gaida masu ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Mace ba ta kusantar randar sai ta wanke hannu ta kame bakinta.

Kirarin da ake yi mata shi ne: Marka mai tafasa ruwa ba wuta, ta Tune jikar Gwamma, randa mai kwantar da maza.

Ga asirin sana'ar. Idan giya ta gama tashi, akwai wata farar laka da ke kwanciya a gindin randa. Ita ake kwashewa a shanya a inuwa, a dunƙula, a adana. Ran da za a yi sabuwa sai a marmasa kaɗan a ciki, kamar yadda Bafillatana ke ɗiga tsohon nono a madara don ta kama. Wannan dunƙulen suke kira uwa. Giyar da ba a sa wa uwa ba, ba ta tashi, in ma ta tashi sunanta shegiya, ba a kai ta gaban tsafi. Uwar da ke hannun Marka gado ce daga mahaifiyarta, ita ma daga tata, har mata bakwai, ba ta taɓa yankewa ba. In za ta marmasa sai ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sun yi imani cewa macen da uwa ta ƙare a hannunta ta sake kashe iyayenta mata, kuma ran da ta mutu babu wadda za ta fito ta tarbe ta a can.

Sai fara ta sauka a Dutsen Maraki shekara biyu a jere. Ta cinye dawa tun tana ɗanya, ta cinye ganyen itace, ko jinkar ɗaki ba ta bari ba. Rijiyoyi suka ƙafe. Da aka binne waɗanda za a binne, sauran suka ɗaure kaya suka nufi gabas. Marka ta aza randar mahaifiyarta a ka, baƙar randa mai zanen igiya a wuya, ta rataya gyanɗamar uwa a ƙirji ƙarƙashin zane. A cikin randar ta sa wata jakar fata. Wani Buzu mai fataucin gishiri ne ya bar mata ita, shekarar da ya kwanta ciwo a zaurensu ta yi jinyarsa. Hatsi ne a jakar, ja-ja, mai tsaga a ciki kamar ƙwallon dabino. Ya ce sunansa alkama, ya ce ba ya son damina, sanyi yake so, kuma da hannu ake shayar da shi. Babu wanda ya ɗauki zancen da nauyi. Ita ma ajiyewa kawai ta yi.

Mai jan ayarin shi ne Ranau maharbi, ƙanin mijinta marigayi. Kirarinsa shi ne: Ranau na gaban maza, baka ba ya dawo maka da kunya. A cikin tafiyar akwai Shekara, 'yar farin Marka, wadda zazzaɓi ya kashe mata miji a hanya ya bar ta da ƙaramin ciki. Marka ba ta taɓa kiran sunanta ba, don kunyar 'yar fari. Sai dai ta ce "ke", ko ta ce "waccan".

Kaka ta riga ta wuce lokacin da Ranau, yana gaba shi kaɗai, ya ɓullo bakin wata fadama. Ƙasa baƙa wuluk, kogi yana ratsa ta yana gangarawa yamma, kifi yana tsalle, itatuwan danya sun yi layi a kan tudu. Bai taɓa ganin ƙasa mai rai irin wannan ba. Yana tsaye baki buɗe sai abin da ya ɗauka dutse ne a gindin babbar danya ya motsa.

Toron giwa ne. Tsayinsa ya kai rumbu biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya. Haurensa guda ya karye, ɗayan ya lanƙwaso har yana sharar ƙasa. Laka ta taru a gadon bayansa shekara da shekaru har ciyawa ta tsiro, balbelu suna sheƙa a kai. Inda duk ya ɗaga ƙafa, sai ruwa ya ɓuɓɓugo ya cika sawun.

Ranau ya kai hannu kwari, ya zaro kibiya mai dafi, ya ɗana. Kibiya ta ƙi barin tsirkiya. Ya karanta duk abin da ubansa ya koya masa, hannunsa ya sandare. A nan ya gane ba nama ba ne a gabansa, mai ƙasa ne. Ya ajiye baka ya durƙusa.

Toro bai buɗe baki ba. A ƙirji Ranau ya ji maganar, kamar rugugin hadari mai nisa.

"Wanda zai zauna a ƙasata, ya shayar da ni abin da ƙasata ta haifa. In ruwan farko ya sauka ban sha ba, ku tashi. In ba ku tashi ba, garkena zai bi ta kanku."

Da ya koma ya faɗa wa jama'a, murnar ganin ruwa ta koma ciki. Tsofaffi sun kai iyakar tafiyarsu, yara sun zama ƙashi da rai. In aka sake ɗaukar hanya da faɗuwar damina, ba gona ba rumbu, kowa ya san rabin ayarin a daji zai kwanta.

"Matar yaya," in ji Ranau, "kin ji abin da mai gida ya ce. Giya yake so, ta hatsin da aka noma a nan. Wace dawa ce za ta tsiro da rani? Ko ke da kike tafasa ruwa ba wuta za ki sa ta?"

Marka ta sauke randa, ta kwance jakar Buzu, ta zuba masa hatsin a tafi.

Ya juya shi da yatsa. "Wannan abincin kurciyar?"

"Hatsi ne mai halin ƙanin miji," in ji ta. "Ba ya neman ruwa da kansa, sai an kai masa har baki. Ɗauki gatari ka kafa mini jigon ɗebo ruwa, ka bar tsayuwa kamar an dasa ka."

Haka aka yi. Aka yanka fangali na ban ruwa a bakin kogi yadda Buzun ya kwatanta, aka kafa jigo, maza suna ja, mata suna bi da tulu. Sanyi ya shigo, alkama ta fito koriya shar a tsakiyar rani, har tsofaffi suna zuwa su tsaya suna kallo, suna cewa duniya ta juya. Garken giwaye yakan wuce zuwa ruwa, ya ratsa ta gefen fangali, ko kara ɗaya ba a taka ba. Jama'a kuwa da kifi da bado suka rayu. Da aka girbe aka sussuke, yara suka kewaye masussuka suna haɗiyar yawu. Marka ba ta ba kowa ko ƙwaya ba. Ta ware tafi biyu na iri, sauran ta raba gida biyu, ta ɓoye kashi ɗaya, don mai hankali ba ya zuba ruwansa duka a tulu guda.

Ta jiƙa kashin farko har ya kumbura, ta tsiyaye, ta baza a tabarma a inuwa, ta rufe da ɗanyen ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kowace ƙwaya ta fitar da farin gemu. Ta shanya tsiron a rana, ta niƙa a dutse, ta dama, ta ɗora a wuta. A nan alkama ta nuna halinta. Dawa in ta dahu takan saki ruwanta, wannan kuwa sai ta yi danƙo kamar ƙaro, ta toshe mataci, ko ɗigo ba ya sauka. Matan da ke taya ta suka saki hannu. Marka ta aika aka kwaso ƙaiƙayi daga masussuka, ta wanke, ta cuɗa shi a ciki, ta shimfiɗa karan alkama a gindin kwando. Ruwa ya sami hanya, ya sauko fari-fari, mai zaƙi kamar an sa zuma. Ta sake tafasa shi, ta bar shi ya huce, ta juye a baƙar randa. Sannan ta ciro gyanɗama daga ƙirji, ta marmasa uwa, ta kira mata bakwai da sunayensu.

Giya ta tashi. Kumfa ya hau har wuyan randa, ƙamshi ya cika sansani. Waɗanda suka san giya suka ce ko a Dutsen Maraki Marka ba ta taɓa yin kamarta ba. Aka ɗauki randar da guɗa aka kai gindin babbar danya, jama'a suka ja da baya suka durƙusa.

Da hantsi Toro ya zo. Ƙasa ba ta yi ƙara ƙarƙashinsa ba. Ya sauke hanci bakin randa, ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa. Sai ya janye. Ya sa ƙafa a hankali, kamar mai tada jariri, ya karkata randar har giyar ta tsiyaye duka. Abin da ya fi ba mutane tsoro, ƙasar ta ƙi sha. Giyar ta kwanta a kan rairayi kamar an zuba ta a kan fata, har rana ta ƙone ta.

Wannan karon a ƙirjin Marka maganar ta sauka.

"Hatsin nawa ne. Ruwan nawa ne. Amma akwai matan wata ƙasa a cikin randar nan, ban san su ba."

Ya juya ya tafi. Masu magana sun ce giwa a garin wani zomo ce. Ran nan Marka ta san ita ce zomon.

Ta zauna a gefen randarta har rana ta karkata, ba wanda ya iya tunkarar ta sai Ranau. Ya tsuguna nesa kaɗan yana zanen ƙasa da tsinke.

"Matar yaya, mu yi masa dabarar maharba. Ki sake tukunya, ki sa uwar kaɗan, kamar ƙwayar gero. Sunayen kuma ki kira su a zuci."

"Hancin da ya shinshino matattu bakwai a cikin randa, shi za ka ɓoye wa ƙwayar gero? Da kibiyarka ta ƙi fita, hankalinka ne ya fita a madadinta?"

"To ki yi ba uwa."

"Shegiya zan kai wa mai ƙasa?"

"Ke kika san sunanta shegiya," in ji Ranau. "Shi bai ce ba."

Sai ga Shekara ta taho tana dafa ƙugu, cikinta ya tsufa. Ta durƙusa da ƙyar.

"Inna, kada ki taɓa gyanɗamar nan. In tashi ne mu tashi. Zan iya tafiya."

Marka ba ta dubi fuskarta ba, ƙafafunta ta duba. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, fatar tana ƙyalli. Ƙafar da ba za ta kai bakin kogi ba sai an huta, ita ce za ta ratsa daji da damina.

"Ke," in ji ta, "wa ya tambaye ki? Tashi ki koma inuwa."

Washegari da sassafe aka ga Marka ta nufi kogi ita kaɗai. Ta shiga har gwiwa, ta fuskanci yamma inda suka fito. Ta cire gyanɗama, ta zazzage dunƙulen uwa a tafinta. Ta kira ta farko, ta marmasa kaɗan a ruwa. Ta kira ta biyu. Haka har ta kai kan Gwamma, har ta kai kan Tune wadda ta goya ta. A nan aka ce ta daɗe a tsaye hannu a dunƙule. Daga baya ta buɗe.

"Ku bi ruwa ku koma gida," in ji ta. "Ni na tsaya a nan."

Ba ta sake furta sunayen nan ba har ta bar duniya. Shi ya sa biyu kawai muka sani, waɗanda kirari ya riƙe.

Daga kogi ta zarce gindin danya. Ta san yumɓu yana da ƙwaƙwalwa, randar da ta sha uwa shekara da shekaru ko an wanke ta sau nawa tana nan da ita a jiki. Ta ɗaga baƙar randar da ta ɗauko a ka tun daga Dutsen Maraki, ta ɗaga ta sama da kanta, ta sake. Ƙarar ta kai sansani. Mata suka ɗora hannu a ka suna kuka kamar an yi mutuwa. Ita kuwa ta tattara tsingaron da ƙafa ta tara a gindin itacen, ta tafi neman yumɓu.

Da yumɓun fadama ta gina sabuwar randa, ja, marar zane, ta gasa. Ta fito da kashin alkamar da ya rage, ta bi hanyar farko daki-daki, jiƙo da tsiro da niƙa da dahuwa da tata. Kafin ta gama, sanyi ya tafi, bazara ta kama da zafinta. Ta juye ruwan zaƙin a sabuwar randa, ta rufe da faifai. Babu abin da za ta marmasa, babu wanda za ta kira.

Randa ta yi shiru.

Mai dafa giya da kunne take aiki kafin ido. Giya mai rai tana da 'yar murya, kamar raɗar tururuwa a busasshen ganye. Marka ta manna kunne jikin randa da safe, ta manna da rana. Babu komai. Ta kuma san ruwan zaƙi ba ya jira, in bai tashi ba zai ruɓe, kuma babu sauran hatsi. Shamuwa ta iso ta sauka a kan itatuwa. Gabas ta fara haɗa gira da yamma, iska tana kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Mutane suka shiga ɗaure kaya ba tare da kowa ya ce a ɗaure ba. Ranau ya zauna yana shafa wa kibau sabon dafi.

"Wa za ka harba?" in ji Marka.

"Ba kowa. Amma in garke ya taho, gara ya same ni a tsaye da baka, kada a ce ƙanin mijinki a zaune aka taka shi."

Ba ta mayar masa da baƙar magana ba, a nan ya san abin ya kai inda ya kai.

Da rana ta take, lokacin da ko ƙadangare yana neman inuwa, Marka ta bi sawun Toro cikin kurmin danya. Ta yi niyyar ta same shi ta roƙe shi, in ya ƙi ya fara takawa ta kanta. Lokacin nunar danya ne. 'Ya'yan, waɗanda ake kira nunu, sun zubo sun rufe ƙasa, rawaya-rawaya, masu tsami da zaƙi. Tana cikin tafiya sai ta tsaya cak. Kunnenta ya ji abin da ya sani.

Ta bi muryar a sunkuye har ta kai bakin wani sawu mai zurfin turmi. Toro ya taka tulin nunu a wurin ya murƙushe, ruwa ya ɓuɓɓugo ya rufe, rana ta dafa. Ga shi yana tafasa ba wuta. Farin kumfa ya kewaye bakin sawun, ƙudan zuma suna ta shawagi. Ta duba gaba, sawu na biyu haka, na uku haka, har iyakar ganinta, randuna a jere a cikin ƙasa, babu hannun mace a ciki. Tun kafin a haifi ta farkon matan nan bakwai, ƙasar nan tana dafa abinta.

Ta durƙusa. Da ta ɗaga kai, ga shi tsaye a inuwa yana kallonta, balbelu sun yi tsit a bayansa.

"Mai ƙasa," in ji ta, "Toro mai takawa ruwa ya fito, baƙuwa ce ke neman iri. In ɗiba?"

Ya kaɗa kunne sau ɗaya, ya kau da kai.

Ba ta zo da ludayi ba. Ta tsinci nunu masu lafiya ta ƙulle a bakin zane, sannan ta haɗa tafukanta biyu ta kamfato kumfan da ruwansa. Tsakanin kurmin da sansani tafiya ce mai nisa, amma waɗanda suka gan ta sun ce ko ɗigo bai zuba ba. Shekara ce ta ɗaga mata faifai. Ta juye abin da ke tafinta a randa, ta ɓare nunun ɗaya bayan ɗaya, ta matse ruwan a ciki, ta jefa har da ɓawon.

"Inna, sunan wa za ki kira?"

"Ba kowa. Rufe."

Shekara ba ta rufe ba. Ta sunkuya bakin randa da cikinta da komai, ta ce a hankali, "Marka."

'Ya ba ta kiran sunan uwarta, kuma kada wata marar kunya ta ji wannan ta ce ta sami hujja. Sau ɗaya aka yi shi, a bakin randa, kuma uwar ta yi kamar ba ta ji ba. Ta karɓe faifan ta rufe da kanta.

Da gari ya waye, ba sai an manna kunne ba. Daga bakin bukka ake jin randa tana magana. Faifai yana rawa, kumfa yana malalowa ta gefe. Giyar ta fito da launin da ba a taɓa gani ba, rawaya mai gajimare, kamar hantsi a cikin ƙwarya. Ƙamshinta ba na Dutsen Maraki ba ne. Ƙamshin kurmin danya ne da rana tsaka.

Ba a yi guɗa ba wannan karon. Aka kai randar gindin babbar danya, aka ajiye gefen tsingaron tsohuwar. Gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, walƙiya tana keta ta. Iska ta tsaya, tsuntsaye suka yi shiru. Sai ƙasa ta fara rawa. Toro ne tafe, ba shi kaɗai ba, garken duka yana bayansa, giwaye sun cika fadama daga bakin kogi har tudu. Uwaye suka tura fuskokin 'ya'yansu cikin zane. Ranau ya miƙe da baka, Marka ta ja shi ƙasa da gefen riga. Ita kaɗai ta rage kusa da randa, a durƙushe, hannuwanta a cinya.

Toro ya sauke hanci. Ya shaƙa. Tsawa ta faɗi a gabas, iska mai sanyi ta taso ta kwashi ganye.

Ya tsoma.

Aka ji randa tana ƙugi har ta kai gindi. Ya kai baki ya haɗiye, ya lumshe ido. Kurɓin ƙarshe bai haɗiye ba. Ya ɗaga hanci sama ya fesa shi a kan jama'a, tsoho da yaro, ya sauka musu a ka kamar yayyafi. Maganar ta zo, kuma wannan karon babu ƙirjin da ba ta shiga ba, har abin da ke cikin Shekara ya motsa.

"Ku zauna."

Bai ƙara ba. Yana juyawa ɗigon farko ya faɗi a kan busasshiyar randa. Garken ya bi shi suka haye kogi cikin ruwan sama, suka bar wa mutane wannan gaɓar. Jama'a suka kwance kayan da suka ɗaure, ruwa yana dukansu, ba wanda ya nemi mafaka. A cikin damina ta farkon nan Shekara ta sauka lafiya a ɗaki mai jinka, ta sami 'ya mace.

Marka ta yi tsawon rai. Ta kafa doka cewa a garin nan ba a ajiye uwa ta shekara, kowace bazara sai a koma kurmi a roƙa sabuwa. Ran da ta mutu, aka ce giwaye sun fito sun jeru a wancan ƙetaren, ba ci ba sha, har aka rufe ta. Ko wa ya tarbe ta, Allah ne masani.

Garin da ya tashi a wurin shi ne Danyar Marka. Daga baya Musulunci ya zo, aka kife randunan giya, kuma alhamdu lillahi da aka kife su. Giwaye sun ƙare, injin ban ruwa ya kori jigo. Alkama dai tana nan, duk ƙasar nan babu mai noma ta kamar mutanen Danyar Marka. Kuma har yau ba a sa wa danya gatari.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Duk baƙon da ya zo neman wurin zama, ko malami ne ko attajiri, ba a nuna masa fili sai ya kawo tukunyar ƙasa daga garin da ya baro, ya fasa ta da hannunsa a gindin babbar danya. Wanda gidansa sai tukunyar ƙarfe, ya koma garinsu ya nemo ta yumɓu. Sannan a dama masa kunun alkama da ruwan nunu, ya sha a take tun da ɗuminsa, ba a bari ya kwana. An taɓa yin wani malami da ya ce wannan ragowar tsafi ne. Dattawa suka ce masa ba a yanka komai, ba a roƙon kowa, ladabin shiga gidan mutane ne. Ya yi shekara yana kwana a zauren aro. Daga baya shi ma ya aika aka kawo masa tukunyar uwarsa.

Tulin tsingaron yanzu ya fi tsayin namiji, ya kewaye itacen har saiwa ba ta ganuwa. Akwai ja, akwai fari, akwai mai zanen garuruwan da ko sunansu ba a ji yanzu. Yara suna wasa ko'ina a garin, amma ba sa hawa kansa. Na can ƙasa baƙi ne, kuma ba a tona shi.